FILIN KIWON LAFIYA: Wanda Ya Daina Shan Giya, Hantarsa Tana Warkewa?

Darasinmu na wannan wata a kan hanta ne. Tambayar da za mu amsa ita ce: mutumin da ya yi shekaru yana shan giya, sa'an nan ya daina, shin hantarsa za ta koma daidai? Ko kuwa aikin gama ya gama?

Wani zai ce, ina ruwanmu da zancen giya a Zamfara? Ai tun ranar 27 ga Janairu, 2000, da shari'ar Musulunci ta fara aiki a jihar nan aka hana sayar da ita. Musulmin da aka samu ya sha kuwa, hukuncinsa bulala 80 ne. Gaskiya ne. Amma doka mashaya ta rufe, ba ta shiga cikin mutum ta duba hantarsa ba. Akwai dattawa a cikinmu da suka sha da ƙuruciya, suka bari. Akwai samari da suka koyo ta a wajen ci-rani a Legas ko Fatakwal. Akwai mai sha a ɓoye, ba wanda ya sani sai matarsa. Ana samunsu a Ƙauran Namoda, ana samunsu a Shinkafi da Zurmi, kamar yadda ake samunsu a ko'ina. 'Yan uwanmu ne, kuma kunya ta hana su tambaya. To, ga amsa a rubuce. Wanda ya karanta ya karanta wa wanda bai iya ba.

Amsar a taƙaice ita ce: e, hanta tana warkewa. Amma iyakar warkewarta ya danganta da inda ɓarna ta kai kafin a daina.

MECE CE HANTA?

Kowa ya san hantar akuya ko ta rago. Ta mutum ma kusan haka take, sai dai ta fi girma. Nauyinta ya kai kilo ɗaya da rabi a jikin babban mutum. Ɗora tafin hannunka a kan haƙarƙarinka na ƙasa, ta wajen dama. To, nan take kwance.

Likitoci sun ƙirga ayyukan hanta, sun samu sun fi 500. Duk abin da ka ci ko ka sha, in hanji ya tsotse shi, sai jini ya bi da shi ta hanta kafin ya zaga jiki. Ita ce mai tankaɗe da rairaya: ta ware mai amfani, ta kashe dafin mai cutarwa. Ita ce rumbun jiki, tana ajiye sukari ta sako shi lokacin da kake azumi ko kana tsakiyar noma. Ita ke yin ruwan ɗacin nan na matsarmama wanda ke narkar da mai. Ita ke yin abin da ke sa jini ya tsaya in ka yanke.

Allah ya ba hanta wata baiwa da bai ba zuciya ba. Hanta tana toho. A 1931 wasu masana biyu a Amurka, Higgins da Anderson, sun yanke kashi biyu cikin uku na hantar ɓeraye. Kafin sati biyu, ɗan abin da ya rage ya girma ya cike gurbi. Haka na mutum. In aka yanki wani ɓangare na hantar mai lafiya, cikin 'yan watanni za ta koma kusan girmanta na da. Kamar itacen zogale ne, ka sare shi ya sake fitowa. Amma in kullum akuya na cinye tohon, wata rana itacen zai bushe.

YADDA GIYA KE ƁATA TA

Kashi tara cikin goma na giyar da mutum ya sha, hanta ce ke aikin kashe ta. Kuma ba ta da sauri. Babbar kwalbar giya ɗaya tana ɗaukar ta kamar awa uku. A wajen wannan aiki giyar tana rikiɗa ta zama wata guba mai ƙona naman hanta. Wanda ya sha kwalba huɗu da dare, hantarsa za ta kwana tana aiki har rana ta fito. In kullum ne, yaushe za ta huta?

Hanta ba ruwanta da suna. Burkutu ne, bammi ne, ta kwalba ce, ogogoro ce, duk abu ɗaya ke cikinsu. Bambancin ƙarfi ne kawai. 'Yar ƙaramar nan ta leda, wadda ake ɓoyewa a aljihu, ƙarfinta ya ninka na giyar kwalba kamar sau takwas. A watan Fabrairu na 2024 hukumar NAFDAC ta sanar da hana irin waɗannan na leda da na ƙananan kwalabe. A lura kuma, akwai waɗanda ake haɗawa da saiwoyi a sayar da sunan maganin basir, ko ciwon baya, ko ƙarfin maza. Mutum zai sha yana cewa magani ne. Hantarsa kuwa ta san giya ce. Mace ta fi namiji saurin cutuwa, ko da abin da take sha bai kai nasa ba.

Ɓarnar hawa uku ce. Manomi zai fi kowa gane ta, domin kamar labarin gona ne.

Hawa na farko shi ne kitse. Hanta ta shagala da aikin giya, ta bar aikin mai, sai kitse ya taru a cikinta ta ƙara girma. Tara cikin goma na masu sha da yawa suna da wannan. Ba ciwo, ba zazzaɓi, mutum yana zuwa gona yana zuwa kasuwa. Wannan ita ce gonar da ta gaji. In aka bar ta ta huta za ta dawo. In mutum ya daina sha ɗungurungum, kitsen yakan tafi cikin sati biyu zuwa shida, hanta ta koma kamar ba a taɓa ba.

Hawa na biyu shi ne kumburi. Nan giya ta fara kashe naman hanta. Idanu su yi rawaya, watau shawara ta fito. Fitsari ya yi ja kamar shayi. Ga zazzaɓi, ga ciwo a dama, ga ƙin abinci. Wannan gonar da gobara ta ci ce. Ba abin wasa ba ne, domin mai tsanani yana iya kisa cikin wata ɗaya. Mai irin wannan asibiti ya kamata ya kwanta. Amma in ya tsallake, kuma bai koma sha ba, hanta za ta yi ta farfaɗowa sannu a hankali. Wannan watanni yake ɗauka, wani lokaci har shekara. In ya koma sha kuwa, hanya ta miƙe zuwa hawa na uku.

Hawa na uku shi ne tabo. Ka dubi wurin da ka taɓa ƙonewa a jikinka. Ya warke, amma fatar ta yi tauri, gashi ba ya fitowa. Haka hanta. Yau ƙuna, gobe ƙuna, tabo kan tabo, har ta yi tauri ta tsuke, ta yi ƙurarraji-ƙurarraji. Likitoci na kiran wannan sirosis, mu ce ƙeƙashewar hanta. Ka tambayi mahauci, ya san bambancin hanta mai laushi da santsi da wadda wuƙa ke ƙara in ana yankanta. Yawanci sai an yi shekara goma ko fiye ana sha da yawa, kamar manyan kwalabe uku kullum. Cikin masu sha haka, mutum ɗaya ko biyu cikin goma ke kai wa nan. Ba wanda ya san ko shi ne. Wannan ita ce gonar da ta zama faƙo. Ruwa in ya zubo ba ya shiga, sai ya kwarara. Haka jini ke kasa ratsa hantar da ta ƙeƙashe. Sai ya ja baya. Ruwa ya taru a ciki, ciki ya kumbura, ƙafafu su kumbura, saifa ta yi girma. Jijiyoyin maƙogwaro su cika, wata rana su fashe mutum ya yi aman jini.

IN TA RIGA TA ƘEƘASHE, AKWAI AMFANIN BARI?

Nan ne mutane da yawa ke yanke ƙauna. Sai ka ji an ce, ai tunda ta riga ta lalace, bari in ƙarasa. Wannan magana ta kashe mutanen da da sun rayu. Gaskiya ne tsohon tabo mai kauri ba ya gogewa duka. Amma ba dukan gona ce ke zama faƙo ba. A tsakanin tabon akwai sauran nama mai rai. In giya ta tsaya, kitse ya tafi, kumburi ya saɓe, sai wannan saura ya samu sarari ya yi aiki. Kuma hanta ba ta bukatar dukan jikinta kafin ta riƙe mutum.

Ga abin da likitoci suka gani da idonsu. A 1968 wasu likitoci biyu a Amurka, Powell da Klatskin, sun ba da labarin mutum 283 masu ƙeƙasasshiyar hanta saboda giya. Bayan shekara 5, cikin kowane 100 da suka daina, 63 suna da rai. Cikin kowane 100 da suka ci gaba da sha, kamar 40 ne suka rage. Waɗanda suka daina tun kafin shawara, ko ruwan ciki, ko aman jini su bayyana, 89 cikin 100 ne suka rayu. A 2009 kuma likitocin garin Southampton a Ingila sun bi sawun mutum 100. Bayan shekara 7, cikin masu bari kashi 72 cikin 100 suna nan, cikin masu ci gaba kashi 44 kawai.

Mai karatu, sake duba waɗannan lambobi. Ba a ce duk wanda ya bari ya tsira ba. Rai na Allah ne. Amma tazarar da ke tsakanin 72 da 44 magidanta ne, masu mata da 'ya'ya. Babu ƙwaya ko allura a duniya da ke ba mai wannan ciwo irin abin da bari ke ba shi. Akwai ma waɗanda cikinsu ya riga ya tara ruwa, suka daina, suka bi magani, bayan shekara ɗaya ko biyu ruwan ya daina taruwa.

Sharaɗi ɗaya ne: bari na gaba ɗaya. Ba ragewa ba, ba sai ranar biki ba, ba canza ogogoro da burkutu ba. Ga mai tabo a hanta, ko kurɓi ɗaya ɓarna ce.

KWANAKI HUƊU NA FARKO

A nan za mu daɗe, domin nan haɗari yake, kuma nan ne aka fi yin kuskure a ƙauyukanmu.

Jikin wanda ya saba sha kullum ya saba da giya kamar yadda jaki ke sabawa da kaya. In aka sauke kayan farat ɗaya, sai ya yi tangaɗi. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓin ƙarshe, hannu zai fara karkarwa. Ga gumi, ga tashin zuciya, ga faɗuwar gaba, barci ya ƙi zuwa. Ga yawancin mutane iyakarta ke nan, kuma cikin kwana biyar zuwa bakwai ta wuce. Amma wasu, a cikin kwana biyu na farko, sukan faɗi suna jijjiga kamar mai farfaɗiya. A kwana na uku ko na huɗu kuma, kamar mutum ɗaya cikin ashirin yakan ruɗe. Ya ga macizai a bango. Ya ji ana kiransa. Ya ce ƙwari na bin jikinsa. Ya kasa gane matarsa. Jiki ya yi zafi, zuciya ta yi ta bugawa.

Me za a ce a gida in an ga haka? Za a ce iska ce ta taɓa shi, ko an yi masa sammu. A ɗaure shi a ɗaki, a yi ta hayaƙi. Sau da yawa wannan na faruwa a farkon watan azumi, domin a ranar ne mai sha a ɓoye ke yanke ta. Kwana biyu da kama azumi sai a ga magidanci ya birkice, ba wanda ya san dalili. Jama'a, wannan ciwo ne na rabuwa da giya. Yana kisa in aka bar shi, kuma yana da magani a asibiti. Addu'a ba ta hana tafiya. A yi ta a cikin mota ana tafe.

Wa ke cikin wannan haɗari? Wanda ke sha kullum ba fashi. Wanda sai ya kurɓa da safe hannunsa ke daina rawa. Wanda ya taɓa bari ya faɗi yana jijjiga. Irin wannan mutum kada ya kulle kansa a ɗaki ya ce zai yanke shi kaɗai. Ranar da ya yi niyya, ranar ya nufi asibiti. Akwai babban asibiti a Ƙauran Namoda, akwai a Shinkafi, akwai a Zurmi. Likita zai ba shi maganin kwantar da jijiyoyi na 'yan kwanaki, yana ragewa kaɗan-kaɗan. Zai ba shi bitamin B1, wanda jikin mashayi ke rasawa, kuma rashinsa na taɓa ƙwaƙwalwa. In akwai bukata a ƙara masa ruwa. Kada kowa ya je kemis ya sayi diyazifam da kansa. Ga mai ciwon hanta yana iya jefa shi dogon suma, kuma shi ma abin maye ne mai kama mutum.

Duk mun san halin da hanyoyinmu suke ciki saboda 'yan bindiga. Ba kowane dare ne za a iya fita da marar lafiya daga ƙauye ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ke nesa, ya shigo gari wurin ɗan uwa, kusa da asibiti, ya yi satin farko a can.

Bayan wannan sati sai sauƙi ya fara. Abinci ya fara daɗi. Cikin wata ɗaya awon jini yakan nuna hanta ta fara hucewa, hawan jini ma yakan sauka. Barci ne ke jinkiri, wani sai ya yi wata biyu ko uku kafin ya daidaita. Kada wannan ya karya masa gwiwa.

BABU MAGANIN WANKE HANTA

Ranar Alhamis a kasuwar Shinkafi, da ma kowace kasuwa, za ka ji mai lasifika yana tallar maganin da ke wanke hanta tas. A ganina wannan ita ce ƙaryar da ta fi tsada. Hanta ba riga ba ce balle a wanke ta. Ita ke wanke jini, kuma ita ke gyara kanta in an bar ta. Duk jiƙo ko tsimi ko garin da ka haɗiya, a kanta zai sauka. Wasu saiwoyin su da kansu guba ne ga hanta. Mai lafiya zai iya sha ya tsira, mai raunin hanta ya sha ya kwanta. Ba raina maganin gargajiya muke ba. Amma wanda ba a san abin da ke ciki ba, ba a san awonsa ba, bai dace da mai jinyar hanta ba.

Maganin Bature ma haka. Farasitamol, wanda muka fi sani da Panadol, in ya yi yawa yana kashe hanta. Mai raunin hanta kada ya wuce ƙwaya 4 a yini, kuma da sanin likita. Asfirin da ibufurofen da dikilofenak, da haɗin nan na maganin gajiya da ake ƙullawa a leda, suna iya jawo zubar jini a ciki, su kuma taɓa ƙoda. Kada kuma a bar giya a kama taramol ko kodin. An gudu ne ba a tsira ba.

Cikin da ya tara ruwa, ba a yi masa sakiya, ba a yi masa tsaga ko ƙaho. Jinin mai ciwon hanta ba ya tsayawa da wuri, kuma ƙwayar cuta na saurin kama shi. In ruwa ya yi yawa, a asibiti ake zuƙe shi da allura mai tsabta.

ME ZAI CI?

Wanda ya daɗe yana sha, jikinsa a yunwace yake ko da yana da tumbi. Ka duba damtsensa da cinyarsa, za ka ga sun zube. Hanta ba ta toho da ruwan koko kaɗai. Tana son abinci mai gina jiki, kuma duk muna da shi: wake, ƙosai, alala, awara, ƙwai, kifi, nono, nama in ya samu. A haɗa da tuwon dawa ko na gero, da miyar ganye, da zogale. An saba cewa mai shawara ba ya cin nama, sai dai rake da ruwan sukari. Likitocin yanzu ba su yarda da wannan ba. In ba likita ne ya hana ba, a ba shi.

Ya riƙa ci kaɗan-kaɗan, sau biyar ko shida a yini. Kafin ya kwanta ya sa wani abu a ciki, ko da fura da nono ce. Dalili kuwa, rumbun hantarsa ya ƙanƙance. In dare ya yi tsawo ba abinci, sai jiki ya koma cin naman kansa. Saboda wannan dalili ne mai ƙeƙasasshiyar hanta zai nemi shawarar likita kafin ya ɗauki azumi. Malamanmu sun san hukuncin marar lafiya.

Uwargida, ga naki. In ciki ko ƙafafun maigida sun kumbura, gishiri abokin gaba ne, domin shi ke riƙe ruwa a jiki. Ba gishirin gwangwani kaɗai ba. Dunƙulen miya gishiri ne. Kanwa ma 'yar uwarsa ce. Ki ɗebe masa tasa miyar kafin ki zuba su. Ki gyara ta da albasa da tafarnuwa da citta da lemon tsami. Ki lura kuma kada ya yi kwanaki bai zaga ba. Ƙazantar da ta tsaya a hanji tana hawa ka, ta sa shi ruɗewa.

WASU ƁARAYIN HANTA BIYU

An kori giya, amma ba ita kaɗai ke shiga wannan gona ba. Na farko ƙwayar cuta ce da ake kira ciwon hanta nau'in B. Wani babban bincike da aka yi a duk Nijeriya a 2018 ya nuna cewa cikin mutum 100 masu shekara 15 zuwa 64, kamar 8 suna ɗauke da ita. Yawancinsu ba su sani ba. Tana bin jini: daga uwa zuwa jariri wajen haihuwa, ta askar wanzami da ba a dafa ba, ta reza ɗaya, ta allura ɗaya, da ta kwanciyar aure. In ta haɗu da giya a hanta ɗaya, ɓarna tana sauri. Saboda haka duk wanda ya daina sha ya nemi a auna jininsa. In babu, ya yi allurar rigakafi, guda 3 cikin wata 6. In akwai, likita zai duba ko yana bukatar ƙwayar da ke danne ta, kuma a auna matarsa da 'ya'yansa. Tun 2004 wannan allura tana cikin rigakafin yara a Nijeriya, kuma ta farko an fi so a yi wa jariri cikin awa 24 da haihuwa. Akwai kuma nau'in C. Shi ba shi da rigakafi, amma ana warkar da shi da ƙwayoyi na kamar wata 3.

Bari mu faɗi wata magana a nan. A ƙasarmu wannan ƙwayar cuta ta fi giya jawo ciwon hanta. Mutum da yawa masu kumburin ciki ko shawara ba su taɓa ɗanɗana giya ba. Kada ka ga maƙwabcinka da ciwon hanta ka ce asiri ya tonu. Wannan zato zunubi ne, kuma shi ke hana mutane fitowa neman magani.

Ɓarawo na biyu yana cikin rumbu. Mu mutanen gyaɗa ne. Gyaɗa da auduga suna cikin abin da ya jawo jirgin ƙasa har Ƙauran Namoda a 1929. To, gyaɗa ko masarar da aka adana da danshi takan yi fumfuna, kuma wannan fumfuna tana fitar da wata guba mai suna afalatoksin. An gano ta ne bayan 1960, shekarar da talo-talo fiye da 100,000 suka mutu a Ingila saboda abincin da aka haɗa da gyaɗa mai fumfuna. Tana jawo ciwon daji na hanta. Dahuwa ba ta kashe ta, suya ba ta kashe ta. A busar da amfanin gona sosai kafin a zuba a buhu. A tsince mai baƙi da mai ɗaci da wadda ta yamutse a zubar. Kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli ko kunu da ita don gudun asara.

A ASIBITI

Akwai alamun da ba a kwana da su a gida: aman jini, kashi baƙi kamar kwalta, idanu rawaya, ciki mai kumburi tare da zazzaɓi ko ciwo, da ruɗewa ko yawan barci da rana. In an ga ɗaya, a tafi.

Wanda ba ya jin komai ma ya je. Hanta ba ta da yawan kuka, takan yi shiru har ɓarna ta yi nisa. Za a auna jini, a yi hoton ciki. In abin ya fi ƙarfin asibitin gari, za a tura shi Gusau, Cibiyar Lafiya ta Tarayya ko Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura, ko kuma Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Wanda aka tabbatar hantarsa ta ƙeƙashe, ana so ya riƙa yin hoton ciki duk wata 6, ko da ya shekara goma da bari, domin a kama ciwon daji tun yana ƙarami. Dashen hanta kuwa, aiki ne da ake fita Indiya ko Masar a yi, kuɗinsa ya fi ƙarfin talaka. Kada kowa ya dogara da shi.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likita ba alƙali ba ne, ba ɗan Hisba ba ne, kuma aikinsa ya ɗora masa riƙe sirrin marar lafiya. Ka gaya masa shekara nawa ka yi kana sha, wace iri, nawa a yini, da ranar da ka yi kurɓin ƙarshe. In ka ɓoye, zai yi ta maganin zazzaɓin cizon sauro da taifot, ciwo yana can yana ci. In kana jin nauyin mutane, ka ce kana son magana da shi ku biyu.

Sha'awar giya takan dawo, musamman a watannin farko. Takan biyo tsofaffin abokai, da tsohuwar hanya, da ɓacin rai, da kuɗin kaka in sun shigo hannu. Mutane da yawa sukan zame sau ɗaya ko biyu kafin su tsaya da ƙafafunsu. Wanda ya zame ya koma wurin likita a satin, kada ya jira shawara ta fito. 'Yan uwa kuma a rage gori. Gori ba ya hana sha, ɓoyewa yake koya wa mutum. A samu mutum ɗaya mai riƙe amana, wa ko aboki ko liman, wanda zai iya zuwa wurinsa ko da tsakar dare in abin ya motsa. In an yi ta yi abin ya gagara, akwai asibitin Gwamnatin Tarayya na lafiyar ƙwaƙwalwa a Kware, kusa da Sakkwato, inda ake karɓar masu fama da shaye-shaye. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace.

In za a tafi asibiti, a zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, na kemis da na gargajiya, har da kwalbar maganin basir ɗin nan, a kai wa likita ya gani.